Abujar da Ke Cikin Wasiƙar Yaya

Wasiƙa ɗaya tak Yaya Lawali ya taɓa aiko mana, kuma ita ce ta kawo ni Abuja. Ina da shekara tara ta iso gidanmu a Damagaram, ina da ashirin da huɗu Inna ta ciro ta daga ƙasan adakarta ta damƙa mini. Da ajami aka rubuta ta, layi biyar. Bayan gaisuwa, abin da ya ce kawai shi ne yana Abuja, yana gyaran keke a bayan kasuwa, kusa da masu tukwane, kowa ya san shi. Daga nan ba mu ƙara jin ɗuriyarsa ba har shekara goma sha biyar.

Abin da ya fitar da shi daga gida ba ɓoyayye ba ne. Babanmu majemi ne, kakanmu ma haka, shi kuwa Yaya ya tsani warin ramin jima tun yana ƙarami. Wata rana, a gaban sauran majema, ya ce wa Baba shi ba zai ƙare rayuwarsa yana warin fata irin nasa ba. Baba ya ci gaba da karce fatar da ke gabansa. Washegari aka nemi Yaya aka rasa. Shekara biyu bayan zuwan wasiƙar Baba ya rasu.

Abin da ya tashe ni kuwa idon Inna ne. Yanar ido ce ta fara rufe mata shi, likitan da muka kai ta wurinsa ya ce ba irin wadda ake cirewa ba ce, sai dai a yi haƙuri. Ranar da ta ba ni wasiƙar ba ta yi doguwar magana ba. Cewa ta yi, "Isuhu, ka je ka zo mini da yayanka tun ina iya ganin fuskar mutum. Ba na son in ji shi kawai. So nake in gan shi."

Ba zan ɓata lokaci a kan yadda na baro gida ba. Labarin ya fara ne a tashar mota a Kano, inda wayona ya fara ƙarewa. Ina tsaye ina raba ido sai ga wani dattijo, farar riga tas, carbi a hannu, ya tambaye ni inda na nufa. Ni kuma da yake a garinmu ba a ɓoye wa dattijo magana, na zayyana masa komai har na nuna masa wasiƙar. Ya tafa hannu ya ce, "Lawali mai keke? Ai maƙwabcina ne! Yau ma can na nufa." Ya ce in je in yi azahar, shi zai riƙe mini jaka ya kama mana wuri a mota. Na yi sallata a natse, har da addu'ar Allah ya saka masa. Da na dawo babu shi babu jaka. A cikinta akwai dabino da cuku da tufafina, da kuma wata jar fatar akuya, ta ƙarshe da Baba ya jeme da hannunsa, wadda Inna ta adana ta ce in kai wa Yaya. Dabino da cukun na yafe masa tuntuni. Fatar nan kuwa har yau idan na tuna ta sai in ji ƙirjina ya yi zafi.

Wasiƙar tana aljihuna, ita kaɗai ta tsira. Wani direban motar siminti, Bazazzagi, shi ya gan ni zaune a kan dakali ina haɗiye kuka. Ya ji labarina, ya yi tsaki, ya zagi tashar da mutanenta, sannan ya ce in hau baya, idan mun isa in taya su sauke kaya mu rabu lafiya. Haka na yi tafiyar a kan buhunan siminti tare da wasu mutum huɗu. Washegari da hantsi muka iso kusa da wani dutse da ban taɓa ganin irinsa ba, shi kaɗai ya tsaya ya tare rabin sama. Direba ya tsaya ya buga jikin mota ya ce, "Masu sauka Suleja!" Mutum biyu suka dira. Ni kuwa na ƙara gyara zama, don ni Abuja za ni.

Abujar da na tarar ba gari ba ce tukuna, niyyar gari ce. Jar ƙasa ko'ina, manyan injuna suna ta gurnani, titi mai faɗi ya miƙe ya miƙe sai ka ga ya ƙare a gonar doya. Lokacin ne gwamnati take kwashe kayanta daga Legas tana dawowa nan. Kullum tireloli suna shigowa ɗauke da tebura da kujeru da akwatunan ƙarfe na takardu, ma'aikata kuma suna tsaye a gefe cikin kwat, takalmansu sun yi ja, suna kallon duwatsu kamar an yi musu laifi. Kowa baƙo ne. Ka tambayi mutum hanya ya ce maka shi ma shekaranjiya ya zo. Na ce a nuna mini bayan kasuwa inda masu tukwane suke, aka ce wace kasuwar?

Aikin farko da na samu shi ne sauke waɗannan kaya a wata ma'aikata, kuma kwana uku na yi a kansa. A ƙasarmu, duk malamin makaranta ko ma'aikacin gwamnati mushe muke ce masa, daga bakin Faransawa muka samo, girmamawa ce. Mu ma mun san ɗaya mushen, na dabbar da ta mutu ba yanka, amma a kunnenmu ba ɗaya suke ba, ban taɓa haɗa su a raina ba. To, akawun da ke karɓar kayan wani Bakano ne mai gajeren haƙuri. Na ɗauko wata kujera mai juyawa a ka, na tsaya a gabansa da ladabi.

"Mushe, ina za a aje wannan?"

Ya ɗago kai a hankali. "Me ka ce?"

Na zaci ƙarar inji ce ta hana shi ji, sai na ɗaga murya. "Na ce Mushe, ina za a aje?"

"Ni ne mushen?"

"Ai kai ne mana. Duk wurin nan babu wanda ya kai ka."

Da fayil ɗin da ke hannunsa ya fara, ya ƙare da baki. Kafin in sauke kujerar an kore ni. Ina tsaye a bakin ƙofa ina tunanin ko mahaukaci ne, sai na ji wani yana dariya har da zama a ƙasa. Wani ƙaƙƙarfan mutum ne da ya kawo tukwanen fulawa don a jera a gaban ofishin. Da ya samu numfashi ya bayyana mini abin da na yi, ni ma na rasa ko in yi dariya ko in nutse.

"Aboki na, ka kashe ni yau," in ji shi, yana share hawaye. "Suna na Bitrus. Zo mu tafi. Kai ba za ka kai sati a garin nan ba idan babu mai riƙe maka baki."

Bitrus mutumin Filato ne, yana aiki a wani gandu inda ake rainon itatuwan da za a dasa a bakin tituna. Ya kai ni wurin shugabar gandun, wata Bayarabiya. Ta tambaye ni daga ina, na ce Nijar, ta ce, "Neja? Minna?" Na buɗe baki zan gyara mata, Bitrus ya take mini ƙafa ya ce, "E, Madam, wajen can." A hanyar gida ya fara karantar da ni. "Daga yau mushe ya mutu. Oga za ka ce. Ko akuya ka gani da takarda a baki, ka ce mata oga." Haka ya bi maganata yana tsince ta ɗaya bayan ɗaya, yadda ake tsince tsakuwa daga shinkafa.

A Nyanya yake zaune da matarsa Rifkatu, ɗaki biyu na langalanga, suka ba ni ɗaya rabi da buhunan masara. Ban roƙa ba, amma washegarin zuwana Rifkatu ta sayo sabuwar tukunya ta ce wannan tawa ce, ba za a taɓa dafa abin da ba na ci a cikinta ba. Idan azahar ta yi muna gandu, Bitrus ne yake taɓa ni ya ce, "Malam, lokaci naka ya yi." Shi da bai san alƙibla ba sai da ya koye ta saboda ni.

Duk da haka na sha kewa. Doya da safe, doya da rana, idan an so a canza maka sai a daka ta. Ruwan sama kuwa ya ba ni tsoro. A Damagaram idan hadari ya haɗu fitowa muke muna murna, a nan kuwa gudu ake yi. Duwatsun ma sun matse ni, na saba da ƙasar da za ka hango mutum tun yana ɗigo. Wata rana Rifkatu ta samo gero ban san daga ina ba, ta yi mini abin da ta kira fura. Wallahi da a gida ne ko kaji sai sun yi shawara kafin su ci. Na shanye tas, ina sha hawaye na zuba a ƙwaryar, ita kuma ta tsaya a kaina tana cewa, "Ya yi daɗi ko? Na sani zai yi daɗi."

Lahadi ce ranar hutunmu, ita ce ranar nemana. Su suna tafiya coci, ni ina tafiya kasuwanni. Na bi Wuse, na bi tsohon ƙauyen Garki, na bi Karu, na je Gwagwalada sau biyu. Duk inda na ga taya a rataye sai na tsaya na leƙa fuskar mai ita. Wata rana wani ya rantse mini akwai Lawali mai keke, mutumin Nijar, a Uke. Ban karya ba na kama hanya. Lawali ne kam, mai keke ne kam, amma na Maraɗi ne, kuma ya kusa haihuwar Babanmu. Ya ga yadda jikina ya mutu, ya ajiye sifanarsa ya dafa mini shayi irin namu, zagaye uku, da zan tafi ya ce Allah ya sada mu.

Wata tara ina wannan hali. Sai wani mutumin unguwarmu da ke gadi a Wuse ya dawo daga ganin gida ya neme ni. Bai zauna ba ma ya isar da saƙon. "Inna ta ce in gaya maka idon hagu ya tafi. Na daman ma sai rana ta take. Ta ce idan ba ka same shi ba ka dawo haka nan, kar ta rasa ganin ku biyun."

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. An aike ni abu ɗaya, na zo na ɓuge da cusa ƙasa a leda ina koyon cewa oga. Na gaya wa Bitrus ranar Litinin zan tafi. Bai hana ni ba, cewa kawai ya yi, "To, mama ne. Babu magana."

Ranar Asabar, wadda ita ce ranar aikina ta ƙarshe, aka tashi tifa za ta je Sheda ɗebo baƙar ƙasa. Ba ni ne mai zuwa ba, ban taɓa zuwa ba ma. Wanda ya saba raka Bitrus ne ya wayi gari haƙori ya kumbura masa kunci, Madam ta waiwaya, ni ne na fi kusa da ita, ta nuna ni da biro. Muka je muka cika mota, muna juyowa sama ta ɓalle. Tifa ta nutse a taɓo har ciki. Direba ya zauna yana zagin tayoyinsa, mu kuma muka ruga wata rumfar ciyawa a bakin hanya. A ciki akwai wata tsohuwa, Bagwariya, tana fere doya, ga tukwanen ƙasa guda biyar ko shida a jere a gefenta na sayarwa. Mama Asabe ta ce sunanta. Ta matsa mana, ta miƙo mana gasasshiyar doya da manja.

Ni tukwanen na tsura wa ido. Ta lura.

"Ɗana, me ya sa fuska naka ya yi haka? An yi rashi ne?"

Bitrus ya amsa mata. "Mama, yaya nashi yake nema. Wata tara ke nan. Jibi zai koma gida hannu biyu."

"A ina yayan?"

Na gaji da maimaita maganar har ta zame mini kamar karatun allo. Na ce, "A Abuja, Mama. Bayan kasuwa, kusa da masu tukwane. Haka ya rubuta."

Ta dakata da fere doyar. "Masu tukwane? Takarda ɗin nan, yaushe ya zo?"

"Ya kai shekara goma sha shida yanzu."

Sai ta ajiye wuƙar, ta dube ni, ta dubi Bitrus, ta kwashe da dariya har tana tari. "Wane Abuja kake nema? Abuja na da, ko na gwamnati?"

Na ce ban gane ba.

"Lokacin da takarda naka ya zo, nan duka daji ne da gona namu. Babu Abuja a nan. Abuja shi ne garin da muke kai tukunya ranar kasuwa, can gindin babban dutse. Gwamnati ya zo ya ari sunan, bai mayar ba. Sai aka ba garin wani suna. Yanzu Suleja ake ce masa."

Na ajiye doyar. Na ji muryar direban siminti yana buga jikin mota, na ga kaina ina gyara zama a kan buhu. Bitrus ya ɗora hannu biyu a ka yana cewa, "Kai! Kai! Ni ma na taɓa jin wannan magana fa!" Wata tara babu wanda ya tambaye ni yaushe aka rubuta wasiƙar, ni ma ban ga dalilin faɗa ba. Na durƙusa a cikin taɓon nan na gode wa tsohuwar. Ta ce in tashi in ci doyata kafin ta huce.

Da safiyar Lahadi na sauka a Suleja, kuma tun kafin in tambayi kowa na san na zo. Ga katangun ƙasa, ga zauruka, ga tsofaffi a kan tabarma, gari mai tsufa wanda mutane suka san kakannin juna. Na zaga bayan kasuwa, ga masu tukwane kuwa, yadda aka rubuta. A bakin layin akwai wani tsohon wanzami yana wasa aska. Ina sanye da takalmin roba na aiki da wata hular hana sallah da Bitrus ya ba ni.

"Sannu oga. Don Allah wani Lawali nake nema, mai gyaran keke."

Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Daga ina?"

"Daga Nyanya," na ce, ban ko yi tunani ba.

"Ai ya daɗe da barin keke. Idan aiki ka kawo masa, ga shi can, rumfa ta uku."

Warin ne ya fara tarbata, warin gidanmu. Wani mutum yana zaune a kan buzu, ya sunkuya yana ɗinka takalmi, fatu a rataye a bayansa, jajaye da baƙaƙe. Yadda ya karkata kafaɗa ɗaya, da yadda ya riƙe basilla, sai da na ja da baya, don Baba na gani. Wanda ya gudu daga fata, ga shi zaune a tsakiyarta, furfura ta fara masa. Ya amsa sallamata bai ɗago ba, ya ce me za a gyara. Na ciro wasiƙar na shimfiɗa ta a kan katakon da ke gabansa.

Ya daɗe yana kallonta. Ya ajiye basillar. Na zaci zai tambayi sunana, ko ya tambayi Inna. Abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne, "Wa ya nuna maka nan?" Sannan ya leƙa waje ya ɗaga murya. "Baba Wanzam! Ba mun yi magana da kai ba?"

Tsohon ya taho yana jan ƙafa, aska a hannu. "Mun yi. Ka ce duk wanda ya zo daga ƙasarku in ce masa ka tashi. Mutum uku na mayar a shekarun nan, da na ji bakinsu na san su. Wannan kuwa oga ya ce mini, daga Nyanya. Ina zan sani?"

Duk tsawon hanya ina shirya yadda zan rungume shi. Da na ji haka sai jinina ya hau. Ban san ina da irin wannan bakin ba. Na ce masa ni ne Isuhu, wanda ya bari yana wasan ƙasa. Na gaya masa yadda muka binne Baba babu shi, da yadda Inna take tashi duk lokacin da aka yi sallama a zaure. Masu tukwane suka bar tukwanensu suka taru. Shi kuwa kansa na ƙasa.

"Ni na kashe Baba," in ji shi a hankali. "Wani mai fatauci ya gaya mini har ya rasu bai ƙara ambatona ba. Ranar da na ji na bar keke na koma wannan. Ka gaya mini, Isuhu, da wane ido zan kalli Inna?"

"Da wane ido? Kai kana da biyu. Ita saura rabin ɗaya, kuma kai take ajiye wa shi."

Ya rufe fuska da hannunsa, hannun da ya yi baƙi da rini kamar na Baba. Ni ma na zauna a ƙasa kusa da shi muka yi ta kuka. Baba Wanzam ne ya kori mutane. A ranar Yaya ya kai ni gidansa na ga matarsa da 'ya'yansa, ranar Talata muka kama hanya.

Kafin in faɗi yadda muka isa, bari in faɗi abin da ya sa nake rubuta wannan. Daga baya na dawo Abuja, a nan na yi aure, a nan na tsufa, yanzu ina da ɗan wurin sayar da itatuwa da fulawa a bakin titi a Gwarinpa. Masu motoci suna tsayawa su ba ni labarin yadda suka tsara rayuwarsu tun suna yara, in ce musu madalla. Ni dai ban tsara komai ba. Da ba a sace mini jaka ba, da motar fasinja zan shiga, wataƙila wani ya karanta wasiƙar ya sauke ni a Suleja da bakina na Damagaram gar, Baba Wanzam ya mayar da ni in zama na huɗu, in koma in ce wa Inna ya tashi. Sai da na zagi akawu ban sani ba, sai da Bitrus ya kawo fulawa a wannan sa'ar ba wata ba, sai da haƙorin wani ya kumbura, sai da tifa ta nutse daidai rumfar tsohuwar da ta san sunan da. Malamai suna cewa ƙaddara, ni a bakina gamon katar ne, kuma duka na Allah ne. Ina gode masa a kan kowane ɗaya. Dattijon Kano ne kawai ban kai ga gode masa ba, amma na kusa. Bitrus ya koma garinsu ya rasu a can. Na koma Sheda sau biyu neman Mama Asabe, an faɗaɗa hanyar, babu rumfar, babu wanda ya san ta. Itatuwan da muka dasa suna nan, sun yi inuwa, ina bi ta ƙarƙashinsu in yi kewar garin nan na jar ƙasa inda kowa baƙo ne, kowa kuma yana matsa wa wani wuri.

Da la'asar muka isa gida. Ƙanwarmu Hadiza ce ta tare mu a zaure, ta ga Yaya ta toshe baki. Sannan ta ja ni gefe ta raɗa mini. "Kun makara, Yaya Isuhu. Yau kwana ashirin ba ta gane fuska. Haske da duhu kawai take bambancewa."

Na ji kamar in juya. Abu ɗaya ta roƙe ni, na kawo mata shi bayan ya daina amfani.

Ɗakin Inna yamma yake kallo, rana tana shiga ta ƙofar har kan tabarmarta. Na shiga na durƙusa na gaishe ta, ta shafa kaina ta ce na rame. Yaya ya biyo ni, amma da ya zo bakin ƙofa ya kasa ƙarasowa, ya tsaya cak a nan.

"Wa ya tare mini haske?" in ji Inna.

Ta juya fuskarta wajen ƙofar, ta ƙanƙance idon daman, ta daɗe a haka. Na ga leɓenta ya fara motsi. Yaya ya ɗaga ƙafa zai shigo ya faɗi a gabanta.

"Kar ka motsa!" Ta ɗaga hannu. "Tsaya nan yadda kake. Idan ka shigo ba zan gan ka ba. A nan ina ganinka. Ga kanka, ga kafaɗarka." Sannan ta ce, "Lawali."

Ɗan fari ne, tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ya tsaya a bakin ƙofar, mutum mai furfura, hawaye na bin gemunsa, bai share ba don kar ya motsa. Ita kuma tana kallonsa, har rana ta sauka bayan katanga.